Karen Bara: Haƙƙin Tsohon Kare Mai Ciwon Dajin Mafitsara a Kan Ubangidansa

Hausawa kan ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Karin maganar ta yi daidai a inda aka yi ta, watau kowane zamani da mazajensa. Amma duk wanda ya yi mata kallon tsanaki zai ga ta yi shiru a kan abu guda, shi ne makomar karen bara. Wannan kare da ya kori zomaye shekara da shekaru, ko kuwa ya yi ta kwana a ƙofar gida yana haushi har ɓarayi suka fid da rai da gidan, ina ake kai shi ran da ƙafafunsa na baya suka soma rawa, fitsarinsa kuma ya soma fita da jini? Sauran karin maganganun da suka ambaci kare ma haka suke. An ce ba a fara kiwon kare ran farauta, an kuma ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. Dukansu kare mai jini a jika suke nufi, ko mai amfani ko mai ɓarna. Tsohon kare mara lafiya kuwa bai sami gurbi a bakin magabata ba.

Wannan maƙala ta ɗauki hali guda daga cikin mafi tsanani da tsohon kare kan shiga, watau a ce ciwon daji ya kama mafitsararsa a daidai lokacin da tafiya ta soma gagararsa. Ra'ayin da take a kai shi ne, rashin warkewar cuta bai sauke wa ubangida nauyin karensa ba, kuma abin da za a auna wannan nauyi da shi shi ne yawan sauƙin da karen ke samu a yini, ba yawan kwanakin da aka ja ransa ba. Wanda ya yasar da karen a bayan gari ya saɓa wa wannan ma'auni. Wanda kuma ya riƙe shi cikin azaba don zuciyarsa ba ta iya rabuwa da shi, shi ma ya saɓa, ko da yake mutane sun fi saurin yi masa uzuri.

Ya kamata a fara da sanin ita cutar, domin yawancin kurakuran da ake yi wajen jinya daga rashin saninta suke tasowa. Ciwon dajin mafitsara na kare yakan tsiro ne daga ƙwayoyin da suka lulluɓe bangon mafitsara ta ciki, kuma likitocin dabbobi sun ƙiyasta shi da kimanin kashi 2 cikin 100 na dukkan ire-iren ciwon dajin da ke kama karnuka. Cuta ce ta tsufa, domin galibi karen da aka gano ta a jikinsa ya kai shekara goma ko sha ɗaya. Ta fi kama karya bisa ga namiji, ta kuma fi kama masu ƙiba da waɗanda aka dandaƙe ko aka cire wa mahaifa. Akwai kuma gado a ciki. Wani ɗan guntun kare mai baƙin gashi ɗan asalin ƙasar Sikotilan, wanda ake kira Sikotish Teriya, ya ninka karen da ba shi da wani jinsi na musamman sau 18 zuwa 20 wajen haɗarin kamuwa. A shekarar 2004 masana a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana ta Amurka sun nuna cewa irin wannan kare, in yana yawo a kan ciyawar da aka fesa wa maganin kashe ciyawa da na ƙwari, haɗarinsa kan ƙaru har kusan sau bakwai. Wannan binciken a kan jinsi guda aka yi shi, amma ya isa ya sa manomin da ke feshi a gonarsa ya hana karensa bin sa ran feshi.

Babbar masifar wannan cuta ita ce wurin da take zaɓa ta zauna. Mafitsara kamar salka take, tana da ƙofofi uku a wuyanta: biyu na bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, ɗaya na bututun da ke fid da shi waje. To, a daidai wannan mahaɗa ƙarin ya fi son tsirowa. Da a ce a saman salkar yake fitowa, da sai likita ya yanke wurin ya ɗinke, amma ba dama a yanke wuyan mafitsara ba tare da an lalata ƙofofin nan ba. Saboda haka ne fiɗa ba ta cika yin amfani ba. Daɗin daɗawa, ƙwayoyin wannan daji suna da saurin kama duk inda suka faɗa, har likitoci kan guje wa soka allura ta fatar ciki don ɗebo fitsari, gudun kada su shuka cutar a hanyar da allurar ta bi. Sa'ad da ake gano ta, kimanin kare ɗaya cikin biyar ta riga ta bazu a jikinsa, zuwa kaluluwa ko huhu ko ƙashi, kuma kafin mutuwa abin kan kai rabinsu.

Alamunta kuwa ba su da bambanci da na ƙananan cututtukan mafitsara: jini a fitsari, yawan tsugunawa, da doguwar nishi wadda ba ta fid da komai sai ɗigo. A nan ne ake buƙatar a ja hankalin mai kare a ƙasar Hausa da kyau, domin akwai abubuwa da dama da ke jawo jini ta gaban kare a yankuna masu zafi, kuma yawancinsu suna da magani. Cutar da kaska ke sa wa jinin kare takan mai da fitsarinsa ja ko ruwan ƙasa-ƙasa. Tsakuwar mafitsara takan sa nishi da jini. Akwai kuma wani ƙari da karnukan da ke yawo sakaka kan ɗauka daga juna wajen barbara, wanda ke tsirowa a al'aura yana ɗigar da jini. Shi ma daji ne, amma allurar binkiristin sau ɗaya a mako har tsawon mako huɗu zuwa shida takan warkar da mafi yawan masu shi sarai. Ashe ke nan wanda ya ga jini ya yanke wa karensa hukuncin mutuwa bai yi masa adalci ba, haka nan wanda ya ce ai tsargiya ce irin ta yara masu wanka a kududdufi ya yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe. Jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da asibitocin koyarwa na likitan dabbobi, kuma hoton ciki da awon fitsari su ne matakin farko na rarrabe waɗannan cututtuka. Abin da ya kamata ya ɗaga hankali shi ne tsohon karen da aka ba maganin ƙwayoyin cuta ya sami sauƙi, bayan mako biyu ko uku abin ya komo, aka sake ba shi, ya sake komowa. Irin wannan kai-komo shi ne sananniyar hanyar da ciwon dajin mafitsara ke ɓoye kansa har watanni su shuɗe. A shekarar 2015 masana a Amurka sun gano wani canji a ƙwayar halittar da ake kira BRAF, wanda ake samu a kimanin kashi 80 cikin 100 ko fiye na karnukan da ke da wannan daji, kuma daga nan aka ƙirƙiro awon da ke gano shi daga fitsari kawai, ba tare da yanka ko allura ba.

In an tabbatar da cutar, sai maganar magani, kuma a nan akwai wani abin mamaki. Maganin da ya zama ginshiƙin jinyar wannan daji a duniya ba wani baƙon abu ba ne ga mutanen Nijeriya. Firoksikam ne, watau maganin ciwon jikin nan da ake sayarwa a kantunan magani, wanda waɗansu suka fi sani da sunan Feldene. A shekarar 1994 Dokta Deborah Knapp da abokan aikinta na Jami'ar Purdue suka buga sakamakon gwajinsa a kan karnuka 34 masu wannan cuta. A jikin biyu ƙarin ya ɓace, a jikin huɗu ya ragu ƙwarai, a jikin 18 ya tsaya bai ƙaru ba, a jikin goma kuwa ya ci gaba da girma. Rabin karnukan sun wuce kwana 181 a raye. Daga baya aka riƙa haɗa shi da allurai masu kashe ƙwayoyin daji, har karnuka da yawa suka riƙa kaiwa shekara guda ko fiye. Mai karatu zai lura cewa a duk wannan lissafi ana maganar watanni ne, ba a maganar warkewa. Wannan ita ce gaskiyar da ya wajaba likita ya faɗa wa mai kare tun ran farko, shi kuma ya karɓe ta tun ran farko.

Sauƙin samun wannan magani shi ne kuma haɗarinsa. Abin da ake ba kare shi ne miligiram 0.3 ga kowane kilo na nauyinsa sau ɗaya a yini, watau kare mai kilo 20 miligiram 6 ne rabonsa. Kafson da ake sayar wa mutane kuwa galibi miligiram 20 ne, ya ninka rabon wannan kare fiye da sau uku. Mai tausayin da ya ɗauki kafso guda ya tura cikin tuwo ya miƙa wa karensa kullum, yana iya huda masa tumbi ko ya kashe masa ƙoda kafin dajin ya yi nasa aikin. Ko a kan ma'aunin da ya dace ma, tilas a riƙa ba da shi tare da abinci, a riƙa auna lafiyar ƙoda, a kuma tsai da shi nan take in karen ya soma amai, ko ya ƙi abinci, ko kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta, domin wannan alamar jini ce a ciki. Ba a haɗa shi da wani maganin ciwon jiki irinsa, ba a kuma haɗa shi da firedinisolon. Ibufurofen da dikulofenak kuwa, waɗanda mutane ke sha kamar gyaɗa, dafi ne ga kare.

Inda jinyar ta fi wuya, kuma inda ba a cika yin bayani ba, shi ne yadda cututtukan nan biyu ke taimakon juna a kan karen. Ciwon mafitsara yana tilasta masa ya tashi ya tsuguna sau da yawa dare da rana, amosanin gaɓɓai da raunin ƙugu kuma sun mai da tashi da tsugunawa su ne mafi wahalar abin da zai yi. Karya mai lafiya takan tsuguna ta gama cikin ɗan lokaci. Wadda ƙari ya matse wa hanya kuwa takan daɗe tana nishi, duk nauyinta a kan ƙafafun baya da ba su da ƙarfi, har su yi rawa su saki ta zauna cikin fitsarinta. In haka ta faru sau biyu ko uku, sai ta soma jin tsoron tashi, ta riƙa riƙe fitsari ko ta sake shi a kwance. Riƙe fitsari yana kiran ƙwayoyin cuta, waɗanda dama sun sami wurin zama a bangon da ƙari ya ɓata. Kwanciya cikin jiƙa kuwa tana ƙona fata, ta zama miki, a ƙasa mai zafi kuma ƙuda ba ya jinkiri, kwana ɗaya ko biyu sai a ga tsutsa. Yawan kwanciya yana ƙara narkar da tsokar cinya, raunin ya daɗu, tashi ya ƙara wuya. Da haka abu ɗaya ke jan ɗaya har karen ya kwanta gaba ɗaya, alhali kuwa dajin kansa bai kai ga kashe shi ba tukuna.

Wanda ya fahimci wannan sarƙa zai ga cewa yawancin aikin jinya yanke ta ne a wurare masu sauƙi. Daɓen tayil ko na siminti mai santsi abokin gaba ne ga tsohon kare, domin ƙafafunsa kan baje in ya yunƙura, saboda haka shimfiɗa buhunan algarara ko tsohuwar darduma daga makwancinsa zuwa inda yake fitsari yakan mayar masa da rabin tafiyarsa. Farcen da ya yi tsawo yana karkatar da tafin ƙafa, sai a yanke. Makwanci ya zama mai taushi, a inuwa, kusa da ƙasa mai rairayi, yadda ba sai ya hau ko ya sauka daga dakali ba, a sa leda a ƙarƙashi da tsumma a sama, a riƙa sauyawa da zarar ya jiƙe. A aske gashin cinya da na ƙarƙashin wutsiya, a wanke da ruwan ɗumi, a tsane sosai, a shafa basilin don ya raba fata da fitsari. Karen da ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi bayan kowace awa huɗu ko makamancin haka, a duba ƙashin kwatangwalo da gwiwa inda gyambo kan fara. Akwai kuma dabarar ɗaga bayan kare da tawul ko zane a ƙarƙashin ciki, wadda ake koya wa masu jinyar karnuka masu raunin ƙafa. Ga mai ciwon mafitsara ya fi kyau a zura zanen ta tsakanin cinyoyi ya tallafi ƙugu, domin tawul a mara yana danna daidai wurin da ke ciwo. Ba a kuma matsa masa mara da hannu don a taimaka wa fitsari ya fita, sai in likita ne ya duba ya ba da izini.

Kuskure guda ya cancanci a ware shi, domin masu kirki ne suka fi yin sa. Mai gida ya gaji da wanke-wanke, sai ya ce a rage wa karen ruwa, musamman da dare, don jiƙa ta ragu. Haƙiƙa jiƙa za ta ragu, amma fitsarin zai yi kauri ya ƙara zafi, ƙwayoyin cuta su sami daɗin zama, ƙodar da ke fama da firoksikam kuma ta shiga haɗari. Ruwa ya zauna kusa da bakinsa dare da rana. Abin da ya kamata a rage shi ne ƙiba. Wani dogon bincike da aka buga a shekarar 2002 ya bi karnuka 48 'yan jinsin Labarado tun suna kwikwiyo har mutuwarsu, aka riƙa ba rabinsu abinci ƙasa da na 'yan'uwansu da kashi 25 cikin 100. Waɗanda aka rage wa sun fi daɗewa a duniya da kusan shekara biyu, amosanin gaɓɓai kuma ya yi jinkirin kama su. Sai dai wannan shawara ta farkon jinya ce. In cutar ta yi nisa, karen ya soma ramewa, to duk abin da ya yarda ya ci alheri ne.

Ko shakka babu, mai karatu na iya cewa duk wannan wahala a kan kare, a ƙasar da ɗan'adam mai ciwon daji ke sayar da gonarsa don biyan kuɗin asibiti, ai almubazzaranci ne, ko kuwa kwaikwayon Turawa ne maras kan gado. Wannan suka tana da nauyi, kuma rabinta gaskiya ne. A Amurka da Turai akan saka wa kare ɗan bututun ƙarfe a hanyar fitsari don ya buɗe ta, akan gasa ƙarin da haske, akan kashe kuɗin da zai ɗauki nauyin karatun yara da dama, wani lokaci don a sami ƙarin makonni kaɗan. Ba wanda zai ɗora wa malamin makaranta ko maharbi irin wannan, kuma wanda ya tauye iyalinsa don jinyar kare ya bar wajibi ya kama abin da bai kai shi ba. Amma sukar ta ɓata hanya a inda ta ɗauka cewa ko dai a yi duka ko a bar duka. In aka dubi abubuwan da aka zana a sama, buhu ne da tsumma da ruwan ɗumi da basilin da magani mai araha. Abin da suke ci lokaci ne da haƙuri. Rashin lafiyar ɗan'adam a asibiti ba ta raguwa da ƙwayar zarra don an bar kare yana ruɓewa a bayan gida. Hausawa da kansu sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma wanda ya yi barci shekara goma bisa haushin kare ya ci ladan.

Akwai kuma masu fakewa da addini su ce kare najasa ne, taɓa shi ma bai kamata ba balle jinyarsa. Abin mamaki shi ne mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta mafi yawan Hausawa, tana ganin duk mai rai mai tsarki ne a zatinsa, har da kare da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bin umarni ne kawai. Fitsarinsa da jininsa lalle najasa ne, amma najasa ruwa ke kawar da ita, kuma ba ta taɓa hana kowa jinyar jariri ko tsoho ba. Shari'a ta yarda da riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma kowane ɗalibi ya san hadisin mutumin da ya ɗebo ruwa a rijiya da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa, da na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda aka halatta wa amfanin dabba, an ɗora masa ciyar da ita da kau da cuta daga gare ta.

Saura ɗaya ɓangaren, watau mai karen da ya kasa sakinsa. Wannan ya fi yawa a ƙasashen da kare ya zama ɗan gida, amma ana samun sa ko'ina, har a cikin mafarauta waɗanda suka san karnukansu fiye da yadda suka san maƙwabtansu. Wahalarsa ta gaske ce. A shekarar 2017 Mary Beth Spitznagel ta Jami'ar Kent a jihar Ohayo ta nuna cewa masu jinyar dabbobi masu doguwar cuta suna fama da gajiya da damuwa da ƙuncin zuciya irin wanda aka sani ga masu jinyar mutane. Mutumin da ya yi watanni yana tashi cikin dare yana ɗaga kare, idonsa kan saba da lalacewar har ya daina ganinta, kuma kare dabba ce mai ɓoye ciwo, yana iya kaɗa wutsiya alhali yana cikin azaba. Alamun da ba sa ƙarya su ne haki a kwance ba zafi ba gudu, da kasa samun wurin kwanciya cikin dare, da ƙin abincin da ya fi so, da janye jiki daga mutanen gida. Don taimaka wa irin wannan ido da ya saba ne wata likitar dabbobi ta Amurka, Alice Villalobos, ta tsara ma'auni a shekarar 2004 mai abubuwa bakwai: zafin ciwo, da cin abinci, da shan ruwa, da tsabta, da walwala, da iya motsi, da kuma ko ranakun daɗi sun fi na wuya yawa. Kowanne ana ba shi maki har zuwa goma, jimlar da ta haura 35 ita ce alamar cewa rayuwar tana da sauran daɗi. Ba lalle ne a ɗauki lambar kamar hukuncin alƙali ba. Amfaninta shi ne tana tilasta wa mutum ya duba kowane abu dabam, ya kuma rubuta. Ko kalanda aka rataya, ana sa alama a ranar daɗi da ranar wuya, bayan mako biyu za ta faɗi abin da zuciya ke ƙin faɗa.

A wannan cuta kuwa akwai iyaka guda da ba ta buƙatar lissafi, ita ce ran da fitsari ya tsaya cak. In ƙarin ya toshe hanya gaba ɗaya, karen zai yi ta nishi ba ko ɗigo, mara ta kumbura ta yi tauri, cikin kwana ɗaya ko biyu dafin da ƙoda ke fitarwa ya taru a jini, amai ya biyo baya, sa'an nan mutuwa cikin 'yan kwanaki, kuma mutuwa ce mai tsananin azaba. Kare mai wannan cuta da ya yi rabin yini yana yunƙuri bai fid da komai ba, ba a jira da shi gari ya waye. Likita na iya zura robar fitsari ya sauke masa, amma ƙarin yana nan, toshewar kuma za ta komo. Saboda haka ne ya wajaba mai kare ya zauna da likita da mutanen gidansa tun karen yana ci yana tafiya, su yanke shawarar abin da za a yi in wannan rana ta zo, su san wanda za a kira da inda za a same shi ko da tsakar dare ne. Shawarar da aka bari sai an ji kukan kare, ruɗewa ce ke yanke ta.

Hutar da dabbar da aka fid da rai da ita ba baƙon abu ba ne a fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Shehu Halilu ya ambata a Muhtasar cewa ya halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta in an yanke ƙauna daga rayuwarta, Shehu Dardir kuma a sharhinsa ya kai abin ga mustahabbi don a hutar da ita. Malaman waɗansu mazhabobin sun saɓa, kuma wanda ya bi su ya ƙi, to nauyin rage wa dabbar zafi har ƙarshe yana wuyansa. A yau likitan dabbobi yana da hanyar da ta fi wuƙa sauƙi nesa ba kusa ba: yakan fara da allurar barci, in karen ya yi nisa sai ya bi da allura ta biyu a jijiya wadda ke tsai da numfashi da zuciya cikin 'yan mintoci, ba tare da karen ya farka ba. Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne hanyoyin da aka saba ji, watau a sa masa maganin ɓera a nama, ko a rataye shi, ko a ɗauke shi a mota a kai shi dajin da bai sani ba a sauke, da ƙafafun da ba za su iya mai da shi gida ba.

Ya fi kyau a yi abin a gida in likita zai iya zuwa, a kan shimfiɗar da karen ya saba, domin ɗaukar mai ciwon ƙugu da kumburarriyar mara a babur ko a bayan mota wata azaba ce ta dabam. Mutumin da karen ya fi sani ya tsaya kusa da kansa har a gama. Bayan nan a haƙa rami mai zurfi a binne shi, nesa da rijiya, domin maganin allurar yana nan a cikin naman, kuma yana iya kashe ungulu ko wani karen da ya tone ya ci.